Baki da hannu: shekara ɗari na kiran bishara a ƙasarmu

 A shekarar 2024 ne aka cika shekara ɗari da saukar ƴan mishan na farko a birnin Damagaram. Shekara ɗari ta isa a zauna a yi lissafi, domin jaririn da aka haifa ran da suka sauke kayansu ya ga jikoki da tattaɓa-kunne. Amma har yau akwai tambaya guda da ake yi a fada wajen shan shayi, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da ɗaure fuska: me ya hana Kirista ya riƙe addininsa a ɗakinsa, ya ƙyale mutane? Su ma Kiristocin suna da tasu tambayar, wadda ba su cika ɗaga murya a kanta ba: ta wace hanya mutum zai faɗi abin da ya gaskata ba tare da an kwana da wuta a unguwa ba? Igiya ɗaya ce ta ɗaure tambayoyin nan biyu, shi ya sa za mu ɗauke su tare.

Amsar ta farko ba ta da wuya. A ƙarshen Linjila ta hannun Matiyu, sura ta 28, an ba da labari cewa Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya tara almajiransa a kan wani dutse a ƙasar Galili, bayan tashinsa daga matattu a bisa imanin Kirista, ya aike su ga dukan al'ummai da aiki uku: kira, baftisma da koyarwa. Wannan shi ne wasiyyarsa ta ƙarshe, kuma kowa ya san nauyin wasiyya. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga mutanen Koranti, ya nuna musu cewa wa'azi a wurinsa kaya ne da aka ɗora masa, ba shi da ikon saukewa. Hujjar da ke ƙarƙashin wannan kuwa duk wanda ya taɓa tafiyar daji da rani ya san ta: in ka san inda rijiya take, ka gamu da ayari yana neman ruwa, shirunka laifi ne. Musulmi bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tun da shi ma an ɗora masa da'awa. Addinan nan biyu masu kira ne, saɓanin tsafin kakanni, inda kowane gida ke da kan-gidansa, ba ya gayyatar maƙwabci. Saboda haka wanda ya ce wa Kirista ya yi addininsa amma ya rufe baki, ya ce masa ne ya yi rabi ya bar rabi.

Sai dai littafin da ya ba da umurnin bai bar shi babu linzami ba, kuma nan ne masu wa'azi da yawa ke saurin juya shafi. Bitrus ya gargaɗi masu bi su zauna da shirin amsa wa duk wanda ya tambaye su dalilin begensu, cikin tawali'u da girmamawa. A lura, tambaya ce ta fara zuwa kafin amsa. A Matiyu sura ta 10, an ce wa almajirai in gari ya ƙi karɓarsu su kama hanya su yi gaba, ba a ba su izinin tsayawa ja-in-ja ba. Bulus kuma ya kwatanta kansa da mai shuka, abokin aikinsa Afolos da mai ban ruwa, ya bar tsirowa a hannun Allah. In aka haɗa waɗannan, abin da aka ɗora wa Kirista shi ne ya isar, juyar da zuciya kuwa ba ta cikin kayansa. Tarihin ƙasarmu ya gwada wannan bambanci fiye da yadda kowane littafin tauhidi zai iya.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas, Rowland Bingham da Walter Gowans daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato wannan shimfiɗa tamu da ke kudu da hamada. Shekara ba ta zagayo ba Gowans da Kent suka mutu da cuta. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake dawowa, ya sake komawa, sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta samu wurin zama a Patigi cikin ƙasar Nufe. Daga can suka yi ta hawowa arewa har suka iso Damagaram a 1924, sannan kafin 1930 suka kafa sansani a Tsibiri, a gindin Sarkin Gobir.

Sun tarar da katanga biyu. Ta farko tana cikin harshenmu: kalmar Nasara ta haɗa Kirista da Bature a buhu ɗaya. Talakan da kwamanda ya karɓe wa lanho, ya kuma ɗebe ɗansa aikin tilas, in ya ga wani farin mutum ya zo da littafi yana zancen ƙauna, wa zai ga laifinsa in ya ce duk kanwar ja ce? Ta biyu ita ce Faransawan da kansu, waɗanda ba su taɓa sakin jiki da waɗannan baƙi masu jin Ingilishi da suka ƙetaro daga Najeriya ba, balle lokacin yaƙin duniya na biyu da Nijar ke hannun gwamnatin Vishi. Ga talaka yana ganinsu ƴan uwan kwamanda, ga kwamanda yana ganinsu idon Ingila.

Abin da suka riƙe da kyau shi ne Hausa. Sun koye ta, sun yi wa'azi da ita, sun koyar da karatun boko da ita domin mutum ya buɗe littafi da kansa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya ja gabansa, kuma sunan Allah ɗin nan da kowa ya sani shi aka sa a ciki, ba a ƙago wani ba. Amma riƙon nan ya zo da hasara. Mishan ta daɗe tana ɗari-ɗari da lakwal ta Faransanci, tana tsoron kada yara su bi duniya, alhali a ƙasar da Faransa ke mulki Faransanci ne ƙofar aikin gwamnati. Iyaye Kirista sun ga ƴaƴan wasu na zama mushe da ma'aikatan biro, nasu kuwa na nan da Hausa da fartanya, kuma wannan ƙorafi ya daɗe yana ci tsakanin ƴan ƙasa da Turawan mishan, har bayan da ikilisiyar ƴan ƙasa ta EERN ta tsaya da ƙafarta a zamanin samun ƴancin kai. Wanda ya kira mutum zuwa lahira, ashe sai ya amsa tambaya a kan duniyarsa ma.

Daga baki sai aka koma ga hannu. A 1950 likita Burt Long ya buɗe asibiti a Galmi, garin albasa, a bakin babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa. A 1956 aka buɗe gidan kutare a Danja, kudu da Maradi, a zamanin da kuturu ba ya cin tuwo kwano ɗaya da kowa. A 2012 kuma aka ƙara wurin aikin mata masu yoyon fitsari a nan Danja ɗin. Babu gundumar da za ka shiga a jihohin Tawa da Maradi ka rasa gidan da aka taɓa kai wani nasu Galmi a kwance ya dawo da ƙafarsa.

To a nan ne maganar ke da ƙashi, kuma bai kamata a tauna ta da gefen baki ba. Mishan ba ta taɓa ɓoye cewa asibiti ƙofar bishara ce a wurinta ba. Mai suka yana cewa: wannan ai tarko ne, an sa magani a bakin ƙugiya. Maganarsa ba ta banza ba ce. Mutumin da ke kwance da ƙari a ciki, yana jiran wuƙar lokotoro gobe da safe, ba ya cikin halin da zai ce wa mai wa'azi ya isa haka. Tsakanin mai allura da mai ciwo babu daidaito, kuma duk inda babu daidaito, ana iya karɓar “to” da ba ta fito daga zuciya ba. Manyan Kirista na duniya sun san da wannan. Babban taron Katolika na Batikan, a takardarsa ta 1965 kan aikin mishan, ya haramta tilasta wa mutum shiga addini, ya kuma haramta jawo shi da dabara ko kwaɗaitarwa. A watan Yuni na 2011, a Janeba, Batikan da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da ƙawancen ƴan bishara na duniya suka fitar da takarda ɗaya, abin da ba su saba yi ba, inda suka yarda cewa cin amfanin talauci ko ciwon mutum don a juya shi ba shi da gurbi a aikin Kirista. Ma'aunin dai a sarari yake: shin wanda ya saurara ya ce a'a, ana duba shi kamar wanda ya ce i? Ni dai a ganina, abin da ya wanke Galmi a idon jama'a shi ne cewa mafi yawan waɗanda suka kwanta can Musulmi suka shiga, Musulmi suka fito, suka kuma sake kai ƴaƴansu. Da an taɓa sa sharaɗi a kan allura, da labarin ya riga motar kasuwa isa ƙauyuka.

Akwai wani labari daga wannan mishan ɗin da ba na addini ba ne kai tsaye, amma ban san wani da ya fi shi bayyana al'amarin ba. A farkon shekarun 1980 SIM ta kawo wani saurayi ɗan Ostiraliya mai ilimin noma, Tony Rinaudo, ta ba shi aikin dashen itace a yankin Maradi. Ya yi ta raba ƴan itatuwa daga gandun reno, rana da awaki da gara suna cinyewa, manoma kuma ba su damu ba, don ba su suka nema ba. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ƴan kumbuna da ke ko'ina cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace shekara kafin shuka. Da ya duba ganyen da kyau, ya gane cewa toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kalgo, sabara, magarya, gawo, duk suna nan, ba su bukatar a kawo su daga wani wuri. Abin da ake bukata kawai manomi ya zaɓi rassa ƴan kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya hana a sare. Wannan shi ne abin da aka zo ana kira sassaben zamani.

Da fari mutane sun ɗauke shi mahaukaci, domin a wurinsu gona mai tsabta ita ce gonar mutumin kirki. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen Maradi ke kira El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mishan ta samu hatsin agaji, ta ce za ta ba da shi a bakin aiki: wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya samu mudu. Garuruwa kusan ɗari suka shiga, aka bar itatuwa wajen dubu 500. Da damina ta yi kyau, rabon hatsi ya ƙare, sai gatari ya fito: kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan suka sha ƙasa. Waɗanda suka bari kuwa sun bari ne don sun ga abin da idonsu: itacen girki a kusa, harawa ga bisashe, iska ba ta binne shuka, gero ya fi kyau a gindin gawo. Daga waɗannan tsirarun ne abin ya bazu, manomi na gani wajen manomi, ba mudu ba takarda, har masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari jihohin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo babbar kyauta a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso. Duk mai wa'azin da ke tunanin buhun shinkafa zai cika masa majami'a, ya je ya tambayi tsofaffin ƙauyukan nan abin da ya sami itatuwan da aka saya da hatsi.

Katolika sun bi wata hanya dabam. Sun kafa a Yamai a 1931, aka naɗa bishop na farko, Hippolyte Berlier, a 1961, Maradi kuma ta samu nata a 2001. Tafarkinsu ya fi karkata ga zama tare: lakwal, ɗakin shan magani, rijiya, da masera da ke tsufa a cikin unguwa. Sun sha ruwa daga misalin Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa da ya koma zuhudu, ya zauna cikin Buzaye a Tamanrasat daga 1905, ya tattara ƙamus na harshensu, aka kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, ƴan kwanaki kafin Kawsan ya kewaye Agadas. Bai bar jama'ar masu bi a bayansa ba, kuma alaƙarsa da sojan mulkin mallaka har yau ana muhawara a kanta; duk da haka a 2022 Fafaroma Faransis ya sa shi cikin tsarkaka. Ƴan bishara kan ce wannan shiru ya yi yawa, umurnin ya ce a faɗa. Katolika kan amsa cewa rayuwa ma magana ce, kuma ita ce ba ta ƙarya. Gardamar tasu ce ta cikin gida, ba mu ne za mu raba ta ba.

Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka saki bakin kowa. Ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, sababbin majami'u suka shigo, da yawa daga Najeriya da ƙasashen bakin teku, da lasifika da kiɗa da fili a gidajen rediyo masu zaman kansu. Wa'azin da a da ake yi a zaure, fuska da fuska, inda mutum ke auna maganarsa saboda gobe za a haɗu a kasuwa, ya koma iska, mai yi ba ya ganin mai ji. A watan Nuwamba na 2000, cikin tarzomar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, aka kai wa majami'a hari a Maradi. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na wata jarida a Faransa, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 a Yamai kaɗai. A Yunin 2019 aka sake ƙone wata a Maradi. Babu hujjar da za ta wanke wannan. Kiristan Damagaram bai zana kome ba, bai ma san mai zanen ba. Tsohuwar kalmar Nasara ce ta sake haɗa shi da Bature a buhu ɗaya. Kuma kada a manta da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu a waɗannan ranaku.

Faɗin haka bai hana a faɗa wa mai wa'azi tasa gaskiyar ba. Zagin abin da wani ke girmamawa ba ya cikin wasiyyar Galili, ko an duba ta daga sama har ƙasa. Haka nan ƙirga kawuna a aika wa masu ba da kuɗi a ƙetare, a ɗauki hoton yaran mutane a ce ga girbin bana, ciniki ne da sunan Allah. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 17 da ƴan kai, Kirista ba su kai ɗaya bisa ɗari ba, kuma a cikinsu akwai baƙi da yawa daga Benin da Togo da Burkina. Mai neman lamba zai ce shekara ɗari ta tafi a banza, sai ya shiga neman gajeriyar hanya, gajeriyar hanyar kuwa ita ce ko dai hatsi ko tsokana. Mai tsoro daga ɗaya ɓangaren, wanda ke ganin kowane ɗakin shan magani a matsayin mamaya, shi ma ya dubi lambar nan ya kwantar da hankalinsa.

Saura abu guda, wanda ba a cika faɗa a bisa mumbari ba. Baturen mishan in wa'adinsa ya cika yakan hau jirgi. Mai wa'azin rediyo yakan kashe makirfo ya tafi gida. Wanda ya amsa kiran shi ke kwana a garin. Sau da yawa surukai kan zo su ɗauke matarsa da ƴaƴa, a cire shi daga gadon gona, a daina cin yankansa, abokan gayya su daina zuwa masa noma. Dokar ƙasa ba ta hukunta shi, tsarin mulkin 2010 ma, a lokacin da yake aiki, ya rubuta raba addini da gwamnati da ƴancin imani, amma ba a zauren shari'a ake yanke irin wannan hukunci ba, a tsakar gida ne. Waɗanda suka fi sanin nauyin abin su ne masu bishara ƴan ƙasa, irin waɗanda makarantar Littafi ta Agye ta yaye, da ke zaune a ƙauyuka suna noma gero kamar kowa, suna zuwa suna da jana'iza, wani ya shekara ashirin jama'arsa ba ta cika tabarma biyu ba. Su ba sa gaggawar yi wa mutum baftisma, kuma in ka tambaye su dalili, lissafi za su yi maka da yatsu: ina zai kwana in an kore shi, wace gona zai noma, wa zai ba ɗansa mata, in kuma ya cika da rani, ƙasa ta yi tauri, su wa za su ɗauki diga su haƙa masa kabari.